Uzurin Rashin Babbar Na'ura

A cikin uzurorin da ake kawowa a sassan ilimin kwamfuta da na lissafi da na kimiyyar yanayi a jami'o'in Sahel, da wuya a sami wanda ya kai wannan daɗewa da karɓuwa: wai ba za a iya koya wa ɗalibai rubuta manhajar da ke gudana a kan kwamfutoci masu yawa lokaci guda ba, sai ranar da jami'a ta mallaki babbar na'ura tata ta kanta. Idan aka tambayi abin da ya sa ɗalibi yake kammala digiri na biyu bai taɓa raba lissafi ko da tsakanin masarrafai biyu ba, amsar a bakin harshe take: babu kuɗi, babu tsayayyar wutar lantarki, babu ɗaki mai sanyi da zai jure zafin Afrilu. Duka ukun gaskiya ne. Sai dai babu ko ɗaya a cikinsu da ya hana koyarwar, kuma wanda ya riƙe su hujja, ko dai bai san abin da darasin ya ƙunsa ba, ko kuwa ya sani sarai yana gudun wahalar shirya shi.

Uzurin nan yana da ɗan'uwa na jini, wanda ya fi zama a ofisoshin manya fiye da azuzuwa. Shi kuma cewa yake yi da zarar an ware kuɗi an sayo na'urar, an yi bikin buɗewa an ɗauki hotuna, to bincike zai tsiro da kansa kamar ciyawar damina. A zahiri kamar jayayya suke yi, ɗaya yana cewa babu, ɗaya yana cewa a sayo. A baɗini kuwa kuskurensu ɗaya ne, domin dukansu sun ɗauka ilimin yana cikin ƙarfen.

Fannin da ake magana a kansa ya cancanci a kira shi lissafin gayya, saboda ma'anarsa ke nan: aiki ɗaya da aka yanka kashi-kashi, aka raba wa ma'aikata da yawa su yi shi tare domin a gama da wuri. Gungun kwamfutocin da ake yin sa a kai ba wata halitta ce ta daban ba. Kwamfutoci ne marasa allo da madannai, jere a kan kantocin ƙarfe, an haɗa su da wayoyi masu saurin isar da saƙo. Kowace tana da masarrafinta da ma'adanarta, kuma ba ta ganin abin da ke cikin ma'adanar maƙwabciyarta sai an aiko mata da shi. Mai amfani ba ya zama a gabansu. Daga nesa yake shiga, ya rubuta buƙatarsa, na'ura nawa yake so kuma na awa nawa, ya miƙa wa manhajar da ke tsara layi, irin su Slurm, ya jira a zo kansa.

Tarihin wannan tsari kansa ya isa ya rushe uzurin. A 1994, a cibiyar Goddard ta hukumar NASA a Amurka, Thomas Sterling da Donald Becker suka haɗa kwamfutoci 16 masu masarrafin Intel 486, irin waɗanda kowa zai iya saye a shago, suka ɗaure su da wayar Ethernet, suka sa musu Linux. Aikin da suka kira Beowulf an yi shi ne daidai saboda tsadar manyan na'urorin wancan zamani, wato mutanen da ba su da kuɗin sayen babbar na'ura ne suka fito da hanyar da a yau take mulkin fannin. Tun daga Nuwamban 2017, dukan kwamfutoci 500 da ke cikin jerin mafi ƙarfi a duniya da Linux suke aiki. Kwamfutar tafi-da-gidanka da ɗalibi yake ratayawa a jaka a Yamai ko Maraɗi ta ninka wancan gungu na Goddard ƙarfi sau da yawa, kuma a cikinta akwai ƙwayoyin sarrafawa huɗu ko takwas, kowace tana iya bin nata umarni ba tare da jiran sauran ba. Kayan aikin kuma kyauta ne. MPI, ƙa'idar aika saƙo tsakanin na'urori da aka fitar a 1994, ana samun ta a Open MPI da MPICH ba da ko dala ba. OpenMP, wadda ta fito a 1997 domin raba aiki tsakanin ƙwayoyin da ke tarayya a ma'adana ɗaya, tana cikin GCC tuntuni. Manhajar MPI da ɗalibi ya rubuta ya gudanar da ita kashi huɗu a kan kwamfutarsa, ita ce dai za ta gudana a kan ƙwayoyi dubu huɗu, idan an rubuta ta da kyau. Abin da ke cikin wannan “idan” shi ne darasin baki ɗaya.

Akwai kuma dalilin da ya sa jinkirin ya zama laifi a yanzu fiye da da. Shekaru da dama mai rubuta manhaja yana iya yin barci ya farka ya tarar manhajarsa ta ƙara sauri, don kawai sabon masarrafi ya fito da agogo mai gudu. Wannan garaɓasa ta ƙare wajen 2004 zuwa 2005, lokacin da zafi da cin wuta suka tsayar da hawan saurin agogo, har kamfanin Intel ya fasa fitar da Pentium 4 mai gigahaz 4. Daga nan masana'antu suka koma ƙara yawan ƙwayoyi. Ma'ana, manhajar da aka rubuta ta bi umarni ɗaya bayan ɗaya tana amfani da kashi ɗaya cikin takwas na kwamfuta mai ƙwaya takwas, sauran bakwai suna zaune. A ɗora ta a kan gungu mai ƙwaya dubu goma, ƙwaya ɗaya za ta yi aiki. Hasali ma tana iya fin jinkiri a can, domin agogon masarrafan gungu sau da yawa bai kai na kwamfutar tebur gudu ba. Wannan shi ne abin da masu bikin buɗewa ba su sani ba.

Tunani ya riga ƙarfe

A 1922 wani Bature ɗan Ingila, Lewis Fry Richardson, ya wallafa littafi kan hasashen yanayi ta hanyar lissafi. Ya yi wani ɓangare na aikin ne yana tuƙa motar ɗaukar majinyata a Faransa lokacin Yaƙin Duniya na Farko, kuma hasashen awa shida kacal ya ɗauke shi kusan mako shida da alƙalami da takarda, sannan sakamakon ya fito ba daidai ba. Amma a cikin littafin ya zana wani abu da ya kamata kowane malamin wannan fanni ya fara da shi. Ya ƙiyasta cewa ana buƙatar mutum 64,000 masu lissafi domin a riƙa gudu kafaɗa da kafaɗa da yanayin duniya. Ya suranta wani ƙaton zaure da aka zana taswirar duniya a bangonsa, kowane ma'aikaci yana lissafin yankin da ke gabansa, yana nuna sakamakonsa ta yadda maƙwabta za su karanta, ga kuma jagora a tsakiya yana haska fitila mai launi ga wanda ya yi gaba da yawa, wata mai wani launin ga wanda aka bari a baya.

Rabon yanki, musayar bayanan kan iyaka, daidaita nauyi, jiran juna: duk manyan matsalolin lissafin gayya suna cikin wannan zaure, shekaru sama da ashirin kafin a kunna kwamfutar lantarki ta farko. Richardson ba shi da gungu, ba shi da ɗaki mai sanyi. Malamin da ke cewa ba zai iya koyar da waɗannan abubuwa ba sai an sayo masa na'ura, ya kamata ya bayyana abin da ya rasa wanda Richardson yake da shi.

Gona da rijiya

Abu na farko da ɗalibi zai koya, alli da allo sun wadatar. Gonar da mutum ɗaya zai nome cikin kwana 20, mutum 20 suna iya nome ta a yini guda, tun da kowa yana da kunyarsa. Rijiya kuwa ƙasanta ba ya ɗaukar fiye da mutum ɗaya ko biyu. A tara mutum ɗari a bakinta, ba za a haƙa gaba na goma ba sai an gama na tara. Kowace manhaja tana da gona a cikinta, tana kuma da rijiya, kuma rijiyar ce take yanke hukunci.

Gene Amdahl, wanda ya yi aikin tsara manyan kwamfutocin IBM, shi ya gabatar da wannan hujja a 1967, daga baya aka mayar da ita doka mai sunansa. A ɗauki aikin da ke cin awa 100, wanda awa 95 daga ciki suna rabuwa, awa 5 ba sa rabuwa. Da ƙwaya 16, kashin da ke rabuwa ya koma kusan awa 6, a haɗa da 5, an sami awa 11, wato saurin ninki 9 kawai, ba 16 ba. Da ƙwaya 64, awa 6 da rabi, ninki 15. Da ƙwaya 1,000, awa 5 da ƴan mintoci, kuma ko an kawo miliyan ba za a haura ninki 20 ba. A lura da tazarar da ke tsakanin 64 da 1,000: an ninka kuɗin na'ura da na wuta fiye da sau 15 domin a rage ƙasa da awa ɗaya da rabi. Mai bincike da bai san wannan lissafi ba zai nemi ƙwaya dubu a gungun da ake rububinsa, ya toshe layi ga kowa, ya kuma rubuta a rahotonsa cewa na'urar ce ba ta da kyau. Hausawa sun ce sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi, amma ba a cikin rijiya ba.

Dokar tana da amsa, kuma dole a koyar da su tare, in ba haka ba ɗalibi zai fita da yanke ƙauna. A 1988 John Gustafson da abokan aikinsa a ɗakin bincike na Sandia suka nuna cewa wanda ya sami ma'aikata da yawa ba ya tsayawa kan tsohuwar gonarsa, faɗaɗa ta yake yi. Da suka ƙara girman matsalar daidai da yawan masarrafai, sun sami saurin da ya haura ninki 1,000 a kan na'ura mai masarrafai 1,024. Saboda haka tambayoyi biyu ne mabambanta. Ta farko, yaya lokaci zai ragu idan aikin yana nan yadda yake ana ƙara ma'aikata? Ta biyu, shin lokaci zai tsaya cik idan ana ƙara aiki da ma'aikata tare? Rahoton da bai faɗi wacce daga cikinsu ya auna ba, bai faɗi komai ba.

Abu na biyu shi ne tsadar magana. A ɗauki taswira da aka raba gida-gida, 1,000 a tsaye 1,000 a kwance, kowane gida yana buƙatar ƙimar maƙwabtansa huɗu kafin a lissafa mataki na gaba, kamar yadda ake yi a lissafin yaɗuwar zafi ko tafiyar iska. Idan aka raba wa ma'aikata 4, kowa ya sami gida 250,000, kuma waɗanda ke bakin iyakarsa, da zai aika wa maƙwabta, ba su wuce 2,000 ba, ƙasa da kashi 1 cikin 100. A raba wa 400, kowa yana da gida 2,500, iyaka kusan 200, kashi 8 cikin 100. A raba wa 10,000, kowa yana da gida 100, kuma kusan 40 ne zai riƙa aikawa a kowane mataki. Aiki yana raguwa da sauri, magana tana raguwa a hankali, har a kai inda ma'aikata suka fi ɓata lokaci wajen aike fiye da lissafi. Ga shi kuma kowane saƙo yana da harajin tashi, ko ƙarami ne ko babba, kamar ɗan aike a kan babur wanda tafiyarsa ɗaya ce ko wasiƙa guda aka ba shi ko ɗari. A hanyoyin sadarwa masu tsada irin InfiniBand harajin yana kusa da kashi ɗaya cikin miliyan na daƙiƙa, a Ethernet ta yau da kullum ya ninka haka sau goma ko fiye. Kamar ba komai ba ne, sai an tuna cewa a cikin wannan ɗan lokaci agogon masarrafi mai gigahaz 3 ya buga sau 3,000. Daga nan ne ƙa'idojin aiki suke fitowa: a tara ƙananan saƙonni su zama babba ɗaya, a tura saƙo a ci gaba da lissafin tsakiyar yanki kafin amsa ta iso, a yanka taswira murabba'i-murabba'i maimakon dogayen tsiri idan ma'aikata sun yi yawa.

Kurakuran da ba sa nuna fuska

Abu na uku ya fi sauran haɗari, kuma shi ne aka fi tsallakewa. Manhajar gayya tana iya ba da amsa daidai sau ɗari tara da casa'in da tara, ta yi ƙarya a karo na dubu, ba tare da an canza ko harafi ɗaya ba.

Matan da ke lugude a turmi ɗaya sun san dokar: taɓarya ɗaya ce take shiga a lokaci guda, kuma kiɗan da ake ji tsari ne na hana karo. Ƙwayoyin da ke tarayya a ma'adana ɗaya ba su da wannan kunne sai an sa musu. Idan biyu suka karanta adadi 10 a lokaci guda, kowace ta ƙara 1, kowace ta rubuta 11, to an yi ƙari biyu amma sakamakon ya nuna ɗaya. Babu saƙon gargaɗi, babu tsayawa. Abin takaici ma, idan mai neman kuskuren ya sa umarnin buga bayani a allo don ya ga abin da ke faruwa, jinkirin bugawar yana iya sauya jerin gudun, kuskuren ya ɓuya. Maganinsa shi ne a san wane adadi ne na kowa, wane ne na mutum ɗaya, a kuma bar kowace ƙwaya ta tara nata jimla a haɗa a ƙarshe. Wanda ya kulle turmin duka don gudun karo ya tsira daga kuskure, amma ya mayar da gonar rijiya.

A MPI kuma akwai cijewa. Na'urori biyu kowace ta fara da aikawa kafin karɓa, kamar mutum biyu da kowa ya cika hannayensa biyu da kaya yana miƙa wa ɗan'uwansa, babu mai hannun karɓa. Ƙa'idar MPI ta yarda umarnin aikawa ya jira har sai an shirya karɓa a ɗaya ɓangaren. Sai dai yawancin manhajojin da ke aiwatar da ita suna ajiye ƙananan saƙonni a gefe su wuce, don haka gwajin ɗalibi da ƙaramar taswira yana tafiya lami lafiya. Ranar da aka ɗora babbar taswira a gungu, komai ya tsaya shiru, awannin da aka ware wa aikin suna ƙonewa har wa'adi ya cika.

Na ukun ma ba kuskure ba ne, amma yana firgita wanda ba a gaya wa ba. Kwamfuta tana riƙe adadi da iyakantattun lambobi, saboda haka jerin da aka bi wajen tarawa yana shafar amsa. A tsarin da aka fi amfani da shi, idan aka ɗauki 1 mai sifiri 16 a bayansa aka ƙara masa 1, sannan aka sake ƙara 1, yana nan yadda yake, domin kowane ƙari ya yi ƙanƙanta ya ɓace. Idan kuwa aka fara haɗa 1 da 1 aka ƙara masa 2, ƙarin yana zama. Tun da yawan ma'aikata yana sauya jerin tarawa, amsar ƙwaya 4 tana iya bambanta da ta ƙwaya 8 a lambobin ƙarshe. Sanin wane bambanci ne na halitta, wane ne alamar ɓarna, shi ne ke raba masani da mai danna maɓalli. Duka waɗannan ukun suna bayyana a kan kwamfutar ɗalibi, kuma gara su bayyana a can, inda ba a biyan kuɗin awa.

Sai kuma gaskiya wajen awo. A 1991 David Bailey, yana cibiyar Ames ta NASA, ya rubuta wata gajeruwar maƙala ta barkwanci mai ɗaci, inda ya jera hanyoyi goma sha biyu na yaudarar jama'a da alƙaluman saurin kwamfutocin gayya. Daga ciki akwai wadda har yau take cika kundayen digiri: a gwada manhajar gayya da aka yi wa gyara na watanni da manhajar bi-da-bi da aka rubuta a gurguje, a yi shelar gagarumin sauri. Ma'aunin gaskiya shi ne mafi kyawun manhajar ƙwaya ɗaya. Sau da yawa gyara yadda ake karanta ma'adana, a bi jerin bayanai yadda suke kwance maimakon tsalle-tsalle, yana ba da saurin da ya fi na ƙara na'urori goma. Ɗalibin da ya ruga zuwa MPI bai auna inda lokacinsa yake tafiya ba, ya tara gayya ne a gonar da ba a share ba.

Masu uzuri suna da hujjoji biyu da suka cancanci a saurara. Ta farko ita ce zamani ya wuce nan: akwai Python da ɗakunan manhaja da ke ɓoye duk wannan wahala, akwai katunan GPU, akwai hayar na'ura ta intanet. Gaskiya ne cewa yawancin masu bincike ba za su taɓa rubuta umarnin aikawa da karɓa da hannunsu ba, kuma babu laifi a hakan. Amma ɓoye abu ba ya kawar da shi. Katin GPU, tun fitowar CUDA a 2007, ya ƙara tsananta matsalar ne, domin yana da dubban ƙananan ma'aikata da ma'adanarsa ta daban, kuma kwashe bayanai zuwa can da dawo da su yana iya cinye duk ribar. Mai horar da ƙirƙirarriyar basira a kan katuna takwas da ya ga saurin ninki uku kawai, Amdahl da harajin saƙo ne suka kama shi, ko ya san sunansu ko bai sani ba. Hayar intanet kuwa da dalar Amurka ake biya, awa-awa, wanda ke nufin jahilcin da a gungun jami'a yake cin lokaci, a can kuɗin tallafin bincike yake ci.

Ta biyu ta fi nauyi: akwai abubuwan da kwamfuta ɗaya ba za ta koyar ba. Jinkirin waya na gaske, cunkoson na'urori ɗari suna rubutu a faifai ɗaya, ladabin layi, mutuwar na'ura ɗaya a tsakiyar aikin kwana uku da buƙatar ajiye matsayi lokaci-lokaci domin a ci gaba daga inda aka tsaya. An yarda. To amma wace jami'a ce ba ta da ɗakin kwamfuta mai na'urori goma ko ashirin da ke kwana a kashe? Waya da akwatin haɗi da Linux sun isa su mayar da su Beowulf a ƙarshen mako, kuma jinkirin wayarsu alheri ne ga mai koyo, saboda yana fito da tsadar magana fili. Ɗaukewar wuta ma, wadda ake kuka da ita, babu malamin da ya fi ta koyar da ajiye matsayi.

Afirka ta Kudu ta nuna jerin da ya dace. Cibiyarta ta manyan kwamfutoci da ke Cape Town, CHPC, ta ƙaddamar da gungun Lengau a 2016, amma tun 2013 ɗalibanta masu digirin farko suka ci gasar haɗa gungu ta duniya da ake yi a Jamus, suka kuma sake ci a shekarun baya. Lokacin da Jami'ar Texas ta yi wa na'urarta Ranger ritaya a 2013, an rarraba kantocinta zuwa Afirka ta Kudu da Botswana da Tanzaniya, aka mayar da su ƙananan gungu na koyarwa. Tsohon ƙarfe ne da masu shi suka gama da shi, amma ya faɗa hannun mutanen da aka shirya. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Abin da ke kan faifai a nan ya wuce darajar sashe ko adon manhajar karatu. Mafi yawan ruwan daminar Sahel yana zuwa ne daga manyan hadura masu tafiya daga gabas zuwa yamma, kuma binciken da Christopher Taylor da abokansa suka wallafa a mujallar Nature a 2017, bisa hotunan tauraron ɗan'adam na shekara 35, ya nuna cewa mafi tsananinsu sun ninka sau uku tun 1982. Wanda ya ga ambaliyar Yamai a 2020, ko rushewar tsohon masallacin Damagaram na ƙarni na 19 a Satumban 2024, ba ya buƙatar a fassara masa wannan. Hasashe ba ya hana ruwa sauka, amma yana ba da awannin kwashe mutane da dabbobi. Domin samfurin lissafi ya kama irin wannan hadari kai tsaye, ana buƙatar gidajen taswira su kasance kilomita huɗu ko ƙasa da haka. Saukowa daga kilomita 12 zuwa 3 yana ninka yawan gidaje sau 16, yana kuma tilasta a gajarta matakin lokaci sau 4, wato aiki ya ninku sau 64. A 1950, hasashen farko da aka yi a kan ENIAC ya ci kusan awa 24 domin a hango awa 24, ya tsaya a matsayin gwaji. Hasashen gobe da ya fito jibi tarihi ne. Yamai tana ɗauke da cibiyoyi biyu na yanki, AGRHYMET da ACMAD, ta kuma kasance babban sansanin awo na shirin AMMA kan daminar Afirka ta Yamma a 2006. Samfura irin WRF, da aka rubuta da Fortran bisa MPI da OpenMP, kowa yana iya saukewa kyauta. Wanda zai harhaɗa shi, ya zaɓi yadda za a yanka taswira, ya gane dalilin da ya sa ƙara na'urori ya daina rage lokaci, shi ne ba a saukewa daga intanet, kuma muddin jami'o'i ba su fitar da shi ba, za a ci gaba da ɗauko shi daga waje da kuɗin masauki.

Darasin zango ɗaya ya isa a fara, kuma matsala ɗaya ta isa ta ɗauke shi daga farko zuwa ƙarshe: yaɗuwar zafi a faranti, da C ko Fortran. Makonnin farko a rubuta ta bi-da-bi, a auna, a gyara, a sake aunawa. Sannan OpenMP, tare da karo da malami ya dasa da gangan don ɗalibai su farauto shi. Sannan MPI da musayar iyaka, har da cijewar da ba ta bayyana sai taswira ta girma. Makonnin ƙarshe a ɗakin kwamfuta, na'urori a haɗe. A jarrabawa kowane ɗalibi ya kawo jadawalin lokutan da ya auna da ƙwaya 1, 2, 4 da 8, kowane awo an maimaita shi sau da yawa, da zanen da ke gwada su da abin da dokar Amdahl ta yi hasashe. Tambaya mafi yawan maki ita ce ta bayyana abin da ya sa layin ya lanƙwashe tsakanin 4 da 8. A wasu kwamfutocin amsar ita ce ƙwayoyin gaske huɗu ne, kowace tana nuna kanta biyu. A wasu kuwa takwas ɗin na gaske ne, amma hanyar da ke kai su ga ma'adana ta cika tun a ta huɗu, kuma ɗalibin zai nuna da awo wanne ne ya same shi.